Antifiriz da fayif ɗin galbanaiz a tsarin maido da zafi: ruwan zaka canza ko fayif ɗin?

Matsalar nan yawanci ba ta fitowa sai aiki ya yi nisa. An ja layin fayif na galbanaiz, wato ƙarfe mai rufin tutiya, daga kwayil (jerin siraran bututu da iska ke ratsawa) ɗin iskar fita zuwa kwayil ɗin iskar shiga, an ɗaure, an gwada da ruwa babu yoyo, an naɗe da insuleshan, sai ranar zuba antifiriz, wato ruwan hana daskarewa, wani ya ɗauko takardar da ta zo da jarkokin ya ga kamfanin ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a zuba ruwan nan a fayif ko tanki mai tutiya daga ciki. Toh daga nan ne kai ke rabuwa, wani yace a zuba kawai ai kowa na yi, wani yace a nemo wani antifiriz ɗin da ba ya cin tutiya, mai aikin kuma da ya ji an ambaci kwance fayif sai ransa ya ɓaci. In kana cikin wannan halin, ko ka yi sa'a baka riga ka sayi fayif ɗin ba, ga yadda zaɓuɓɓukan suke.

Tsarin da nake magana a kai shine mai kwayil biyu da famfo mai tura ruwa a tsakani. Iskar da ake fitarwa daga gini tana da ɗumi, wadda ake shigowa da ita daga waje tana da sanyi, sai ruwa ya riƙa zagayawa yana ɗauko zafin waccan yana sauke wa wannan. Asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje suna son shi saboda iskar biyu ba sa haɗuwa sam. A Tarayyar Turai doka mai lamba 1253/2014 ta ce daga 2018 irin wannan tsarin sai ya maido da aƙalla kashi 68 cikin 100 na zafin, kaga kenan duk abun da ya toshe kwayil ba ƙaramar magana bace. Antifiriz ɗin kuwa ana sa shi ne saboda kwayil ɗin shiga yana shan iskar da ta sauka ƙasa da sifili, in famfo ya tsaya ruwa ya daskare sai ya ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, siraran bututan jan ƙarfen da ke cikin kwayil ɗin su tsage.

Abun da ke faruwa a cikin fayif ɗin

Galbanaiz ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. A sarari ko a layin ruwan sha mai sanyi tutiyar nan tana aiki sosai, don tana samun iska ta yi wa kanta wani ɓawo mai kare ta. Amma a rufaffen layi mai gilaikol, wato sinadarin da ke hana daskarewa a cikin antifiriz, labarin daban ne, kuma ta hanya uku ake cin ta.

Na farko haɗin gilaikol da ruwa yana narkar da tutiya a hankali. Na biyu, kuma wannan ya fi zafi, sinadaran hana tsatsa da aka zuba cikin antifiriz ɗin, musamman fosfet, suna kama tutiyar da ta narke su dunƙule su kwanta, ma'ana ka yi asara biyu lokaci guda, ga dauɗa a layi ga kuma maganin tsatsan da ka biya kuɗinsa ya ƙare a banza ya bar baƙin ƙarfe da jan ƙarfe ba kariya. Na uku, gilaikol in ya haɗu da zafi da iska yana lalacewa ya koma asid, pH, wato ma'aunin asid, ya faɗo ƙasa da 7, tutiya kuwa ba ta jure asid, har iskar haidurojin takan fita ka ga kullum ana fitar da iska a layi ana mamakin daga ina take zuwa.

In ka kwance filta a irin wannan layin bayan ya yi aiki na wani lokaci, abun da zaka gani wata farar laka ce mai ruwan toka kamar alli da aka jiƙa, tana manne a ragar, in ka murza ta tsakanin yatsu zaka ji santsi da ɗan tsakuwa-tsakuwa. In ka ɗebi ruwan a kwalbar gilashi ka ajiye, launinsa ya dishe, da safe ka ga ta kwanta a ƙasa. Ita ce ke zuwa ta cinye sil ɗin famfo, ta maƙale bawul, ta kwanta a lanƙwasar kwayil inda ruwa ke tafiya a hankali.

Kuma kada ka ce ai tutiyar 'yar kaɗan ce. Mu yi lissafi: fayif mai inci 2, tsawon mita 100, faɗin fuskar cikinsa ya kai kusan murabba'in mita 16 da rabi. In kaurin tutiyar maikuron 55 ne kawai (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda shine mafi ƙanƙantar abun da ma'aunin EN 10240 ke nema a fayif ɗin ruwan sha, tutiyar da ke ciki ta haura kilo 6, ruwan da fayif ɗin ke ɗauka kuma kusan lita 220 ne. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ya saki ya isa ya dami kwayil.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke ƙara dagula lamarin. Kwayil yawanci jan ƙarfe ne, ɓurɓushin jan ƙarfen da ya narke in ya sauka kan tutiya yana haƙa mata ƙananan ramuka, a layin da ruwa ke zagaye kuma babu yadda zaka hana su haɗuwa. Sannan in tsarin naka mai zafi ne, kamar wanda ke ɗaukar zafin kwamfuresa ko hayaƙin tukunyar dumama ruwa, daga wajen digiri 60 zuwa sama tutiya kan juya hali a wasu ruwaye, maimakon ta kare ƙarfen sai ƙarfen ya riƙa ciwuwa a madadinta.

Abun haushin shine rufaffen layi ba ya ma buƙatar galbanaiz tun farko. Iskar da ta shiga da ruwan farko tana ƙarewa cikin ɗan lokaci, daga nan baƙin ƙarfe ya zauna lafiya muddin ba a ta ƙara sabon ruwa.

Ma'aunan da zan bi

Kowane zaɓi zan duba zamansa da tutiya, sai yadda yake ɗaukar zafi da nauyin da yake ɗora wa famfo, sai kuɗi, na yau da wanda zai biyo baya, sai ƙarko, sauƙin aiki, da haɗarinsa ga mutane da gini. A wajena zama da tutiya da ƙarko su ne a gaba, don jarkar antifiriz komai tsadarta ba ta kai kwayil ɗaya ba.

Zaɓi na 1: etilin gilaikol a kan galbanaiz ɗin yadda yake

Shine wanda aka fi zubawa a irin wannan tsarin kuma yana da dalili. Kashi 30 cikin 100 yana riƙe ruwa har wajen digiri 15 ƙasa da sifili, kashi 40 wajen 24, rabi da rabi kuma wajen 37. Bai cika kauri ba in ya yi sanyi, don haka famfo ba ya wahala sosai, kuma ya fi ɗan'uwansa furofilin arha. Amma da tutiya ba sa shiri, takardun manyan masu yinsa irin su Dowtherm SR-1, Antifrogen N da Tyfocor duk sun yi gargaɗi a kan galbanaiz. Ga shi guba ne, yana da zaƙi a baki, wajen mililita 100 na iya kashe babban mutum ta hanyar lalata ƙoda, saboda haka duk inda zai iya ɗiga cikin ruwan sha ko kayan ci ba a kai shi. Yau shine mafi arha da sauƙi tunda zubawa kawai zaka yi, gobe kuma kai ne wanke filta, canza sil, zubar da ruwan da ya lalace ta hanyar da doka ta yarda, sannan sayen sabo.

Wani abu a gefe: kada a ɗauko antifiriz na mota a zuba. Da yawansu akwai siliket a ciki wanda aka yi don injin mota, a layin gini yana iya zama kamar jeli ya shafe kwayil ya ci sil, kuma an yi shi ne don a riƙa canzawa a kai a kai.

Zaɓi na 2: furofilin gilaikol

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Suna jin an ce ba shi da guba, har ana sa tsantsarsa a kayan ci da lambar E1520, sai su ɗauka ai mai laushin hali ne ba zai taɓa tutiya ba. Sam ba haka bane, rashin guba ga mutum daban, cin tutiya daban. Yana narkar da ita kamar wancan, fosfet ɗin da ke cikinsa ma haka yake dunƙulewa, Dowfrost da Tyfocor L duk gargaɗin ɗaya ne. Ƙari a kan haka sai ka zuba da yawa kafin ka sami kariya ɗaya, kashi 30 wajen digiri 13 ƙasa da sifili yake tsayawa, kashi 40 wajen 21, kuma a sanyi kaurinsa ya kusa ninka na etilin, in ya yi kauri sosai ruwan sai ya daina hargitsewa a cikin kwayil ya riƙa silalewa a hankali, zafin da ake maidowa ya ragu ba tare da wani abu ya lalace a ido ba. Ya fi tsada. Amfaninsa na gaskiya ɗaya ne, in ya ɗiga ba a shiga tashin hankali, duk da cewa wanda ya zagaya layi da sinadarai a ciki shi ma ba abun sha bane.

Akwai sababbin da ake yi daga tsirrai, su ma dangin gilaikol ne da sinadaran hana tsatsa a ciki, kada sunan ya sa ka ɗauka an warware maganar tutiya. Haka masu sinadarin hana tsatsa marar fosfet, lakar tana raguwa amma tutiyar tana ci gaba da tafiya. Duk mai sayarwan da yace maka nasa yana zama da galbanaiz, kace ya baka a rubuce daga kamfanin da ya yi shi, tare da iyakar zafin da suka yarda da shi.

Zaɓi na 3: ruwan gishiri, wato fotasiyam fomet ko asitet, da kalsiyam kulorayid

Ta fuskar aiki fotasiyam fomet abun sha'awa ne, irin su Temper, Hycool da Antifrogen KF. Ba ya kauri ko a digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili, yana ɗaukar zafi da kyau, ba ya kama wuta, gubarsa kaɗan ce. Amma in gilaikol yana cin tutiya a hankali, wannan gaba ɗaya ba a haɗa su, har dalmar da ake like jan ƙarfe da ita mai laushi ba ya bari. Yana da son ɓullowa ta tiredi da gasket, in ya ɗiga kan akwatin na'urar iska ko tiren waya, waɗanda su ma galbanaiz ne, sai ya bushe ya bar gishiri ya ci su daga waje. Yana da tsada kuma yana son layin da aka tsara dominsa tun daga zane. Kalsiyam kulorayid kuwa arha ne amma yana cin kusan duk ƙarfen da ke layin har da sitenles, ba na ganin wurinsa a nan.

Zaɓi na 4: etanol

A Suwidin da Finlan shi suka saba zubawa a layin da ke ɗebo ɗumin ƙasa, kusan kashi 28 zuwa 30 yana kaiwa wajen digiri 15 ƙasa da sifili, ba shi da tsada kuma ba ya barin dauɗa irin ta gilaikol. Sai dai can layin roba ne binne a ƙasa mai sanyi. Haɗin nan tururinsa na iya kama wuta daga wajen digiri 30, kai kuma layinka yana cikin gini, yana ratsa na'urar da ke hura iska cikin ɗakuna, ga shi yana ɗumama da rani. Dokar kashe gobara da kamfanin inshora za su fara tsayar da kai kafin a zo maganar tutiya. Metanol kada ma a kawo shi, guba ne kuma yana kama wuta.

Zaɓi na 5: a bar galbanaiz da ruwa zalla, a raba layin

In galbanaiz ɗin dogo ne kuma yana cikin gini inda sanyi ba ya kaiwa, ana iya sa na'urar musayar zafi mai faranti kusa da kwayil ɗin shiga, a yi ɗan gajeren layi na jan ƙarfe ko sitenles mai gilaikol a ɓangaren sanyi, dogon layin kuma ya ci gaba da ruwa da maganin tsatsan da ya dace da tutiya. Dabara ce mai kyau amma tana da farashi: ƙarin famfo, ƙarin tankin faɗaɗa, ƙarin wuta, kuma duk faranti sai ya ci maka digiri ɗaya ko biyu, a tsarin da dama bambancin zafin ba yawa ne da shi ba wannan asara ce da zaka gani a lissafi. Haɗarin kuma ya koma kan farantin, in gilaikol ya dawo ƙasa da sifili ruwan ɗaya ɓangaren zai daskare a ciki ya fasa shi, don haka sai da bawul mai hanya uku da na'urar auna zafi da ke aiki da gaske.

A wuraren da iska ba ta sauka ƙasa da sifili ko sau ɗaya a shekara, maganar ma ta fi haka sauƙi. Ba ka buƙatar antifiriz kwata-kwata. Ruwa ya fi kowane haɗi ɗaukar zafi, 4.18 ne ma'auninsa a kan wajen 3.7 na etilin kashi 30, kuma famfo ya fi jin daɗinsa. Ana ganin masu zuba gilaikol a irin wannan wurin don kawai zanen da aka kwafo daga ƙasar sanyi ya ce a zuba.

Zaɓi na 6: a canza fayif ɗin

Ni nan nake karkata, kuma ba don ina son kashe kuɗin mutane ba.

Baƙin ƙarfe shine na gargajiya a rufaffen layi, ya fi galbanaiz ma arha, yana zama da gilaikol mai maganin tsatsa shekara da shekaru. Aikinsa walda ne ko tiredi, yana da nauyi, dole a wanke cikinsa sosai kafin a zuba ruwan don gilaikol yana ɓamɓaro tsohuwar tsatsa da mai. Rauninsa daga waje yake, fayif mai sanyi yana zufa, in ba a yi masa fenti an naɗe shi da insuleshan marar shan tururi ba sai ya ruɓe a ƙarƙashin naɗin ba wanda ya sani. Akwai kuma siririn fayif na matsewa, wanda ake matse mahaɗansa da na'ura ba walda, mai tutiya a waje kawai, cikinsa baƙi, wannan ya halatta a rufaffen layi, amma a kula don akwai irinsa mai tutiya ciki da waje da aka yi don layin kashe gobara da iskar kwamfuresa, a ido kusan ɗaya suke, sai ka leƙa ciki ko ka karanta rubutun jikinsa.

Jan ƙarfe yana shiri da gilaikol, dama kwayil ɗin ma shine, aikinsa da sauri a ƙananan girma, amma da an wuce inci 2 kuɗinsa sai ya tashi da gudu. Sitenles 304 ko 316 na matsewa shine wanda zaka sa ka manta, ba walda ba wuta, ya fi kowa tsada a saye amma kuɗin aiki yana rage tazarar, abun kiyayewa kawai kulorayid, a ruwan cikawa da kuma a insuleshan. Zoben robar EPDM da ke cikin mahaɗan yana zama da gilaikol lafiya.

Roba irin PP-R, PE-X ko mai falle-falle da alminiyam a tsakiya ba ta tsatsa, ba nauyi, arha ce a ƙananan girma. Amma a tabbatar mai shingen iska ce irin wadda DIN 4726 ya tanada, in ba haka ba iska zata riƙa ratsa jikin robar tana shiga ruwan tana tsufar da gilaikol tana cin duk ƙarfen da ya rage a layi. Tana miƙewa da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba, sai an ƙara mariƙai. CPVC kuwa a nisance shi, gilaikol na sa shi tsagewa.

In za a canza a canza duka. Sau da yawa sai a cire dogayen fayif a bar elbo, nipul, soket ko tankin galbanaiz ɗaya a lungu, su kuma su ci gaba da aikinsu. Tagullar bawul ba matsala bace duk da akwai tutiya a haɗinta.

| Zaɓi | Zama da tutiya | Kuɗin farko | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Etilin a kan galbanaiz | Mara kyau | Kaɗan | Gajere | Da sauƙi yau, wahala daga baya | Laka, guba |
| Furofilin a kan galbanaiz | Mara kyau | Matsakaici | Gajere | Haka shi ma | Laka, nauyi kan famfo |
| Fotasiyam fomet | Ba a haɗawa sam | Da yawa | Mai kyau a layin da ya dace | Yana son ƙwararre | Yoyo mai cin ƙarfe |
| Etanol | Ba shi ne matsalar farko ba | Kaɗan | Matsakaici | Doka na takurawa | Gobara |
| Ruwa da faranti a tsakani | Babu gilaikol a kan tutiya | Matsakaici zuwa da yawa | Mai kyau | Ƙarin kaya da kulawa | Daskarewar faranti |
| Baƙin ƙarfe da gilaikol | Babu tutiya | Matsakaici | Dogo | Walda, wanki | Tsatsa daga waje |
| Jan ƙarfe ko sitenles da gilaikol | Babu tutiya | Da yawa | Mafi tsawo | Da sauri | Kulorayid ga sitenles |
| Roba mai shingen iska da gilaikol | Babu tutiya | Kaɗan zuwa matsakaici | Dogo | Da sauƙi | Miƙewa, iyakar zafi |

In an riga an zuba, ko an ƙi yarda a canza

Wani lokacin ba kai ke da ta cewa ba. Toh sai a rage ɓarna. Layin da ke aiki da sanyi ko ɗumi-ɗumi yana cin tutiyar a hankali fiye da mai zafi, kuma in ta gama tafiya ƙarfen da ke ƙasanta zai zauna lafiya muddin maganin tsatsan bai ƙare ba, wato yaƙin naka shine kama lakar kafin ta isa kwayil da kuma ciyar da ruwan da magani. A sa filta mai ƙananan ido kafin famfo da kafin kowane kwayil, da wata filtar gefe mai tace ɗan kaso na ruwan kullum, a sa geji gaba da bayanta don a san lokacin da ta cika. Filtar maganaɗisu kaɗai ba zata yi ba, lakar tutiya ba ta bin maganaɗisu, ta baƙin ƙarfe ce ke bi. A watannin farko a riƙa buɗewa a kai a kai.

A riƙa auna ƙarfin haɗin da rifraktomita, 'yar na'urar da ke nuna yawan gilaikol a ruwa, a auna pH, yawancin waɗannan ruwaye tsakanin 8 da 10 suke son zama, in ya doshi 7 magani ya kusa ƙarewa. Aƙalla sau ɗaya a shekara a tura samfur ɗakin gwaji a duba tutiya, ƙarfe da jan ƙarfen da suka narke a ciki. Kada haɗin ya sauka ƙasa da kashi 20 zuwa 25, don a nan maganin tsatsan ya yi ƙaranci kuma ƙwayoyin cuta suna fara cin gilaikol ɗin da kansa. Kada a jona layin da bututun ruwan gari mai cikawa da kansa, in akwai yoyo zai yi ta tsinka haɗin a ɓoye har ranar da kwayil zai fashe, a sa tankin cikawa mai haɗaɗɗen ruwa. Ruwan haɗawa ma ya zama tatacce, kulorayid da salfet kowanne ƙasa da miligiram 25 a lita, ko a sayi wanda aka riga aka haɗa. Sannan a sa rai da yoyo a tiredi, gilaikol yana bi ta inda ruwa bai bi ba, balle in tutiyar da ta cike tiredin ta narke.

Akwai masu wanke tutiyar da asid da gangan kafin a zuba gilaikol. Ana yi, amma aikin ƙwararru ne, dole a ware kwayil da famfo, ruwan wankin kuma sai an zubar da shi bisa doka, kuma ba kasafai tutiyar ke fita daidai ko'ina ba. A layi gajere kuɗinsa zai iya kamo na sabon fayif. Kuma ka sani in kamfanin antifiriz ya rubuta kada a yi ka yi, garantin famfo da na kwayil na iya tashi.

Wanne ya dace da wa

In har yanzu a takarda aikin yake, cire galbanaiz daga lissafi, ka sa baƙin ƙarfe in layin babba ne, jan ƙarfe ko roba mai shingen iska in ƙarami ne, ka zuba etilin gilaikol na gini mai maganin tsatsa daidai sanyin wurin da ɗan rata na digiri 3 ko fiye. In masana'antar kayan ci ce, ko zafin da aka maido zai dumama ruwan wanka da na sha, furofilin ne naka, a kan sitenles ko jan ƙarfe, kuma a ƙara wa famfo ƙarfi tun a zane.

Asibiti ko ɗakin gwajin da ba a iya kashe iskarsa, sitenles, kada a tsaya ciniki. Wurin da sanyi ke wuce digiri 30 ƙasa da sifili ko layin ɗakin sanyi, a duba fotasiyam fomet amma da layin da babu tutiya ko ɗaya a jikinsa.

Wanda ya riga ya ja galbanaiz gajere bai zuba komai ba tukuna, ya kwance yanzu, ba za a sake samun lokacin da ya fi wannan arha ba, fayif ɗin ma zai yi amfani a wani layin ruwan sanyi. Wanda nasa dogo ne binne a silin da bango, ya yi lissafin faranti da gajeren layin gilaikol. Wanda ke wurin da ba a ƙanƙara ya bar antifiriz gaba ɗaya ya sa ruwa da maganin tsatsa mai shiri da tutiya. Wanda kuma tsohon layinsa ya shekara da gilaikol a ciki yana aiki a ƙasa da digiri 40, ya fara tura samfur gwaji ya buɗe filta ya gani, in tutiyar ta riga ta tafi a wanke layin a zuba sabon ruwa a ci gaba, in kuma har yanzu tana sakowa a sa filtar gefe a tsara canza fayif ɗin kashi-kashi, a fara da wanda ya fi kusa da kwayil da ɓangaren da ya fi zafi.